Abin da Burauza Ke Faɗa wa Shafi Kafin Ya Buɗe

Duk lokacin da mutum ya danna mahaɗi, ko ya rubuta adireshin wani shafi a waya ko kwamfuta, akwai ɗan gajeren saƙo da ke riga komai fita. Manhajar shiga intanet, wadda aka fi sani da burauza, ita ke rubuta shi, Chrome ce ko Firefox ko Safari ko Opera Mini. Tana aika shi ga kwamfutar da shafin ke ajiye a cikinta, wato sabar. Ba ta nuna muku saƙon, ba ta kuma neman izininku kafin ta tura. Layin farko shi ne buƙatar kanta: a ba ni shafi kaza. Layukan da ke biye masa, waɗanda kan kai goma ko fiye, bayani ne game da mai nema. Su ne za mu riƙa kira kanun buƙata a wannan darasi.

A ce an aiki yaro shago sayen sukari. Da isarsa, tun mai shago bai tambaye shi komai ba, sai ya ce daga unguwa kaza yake, ya biyo ta shagon wane, a gidansu harshe kaza ake ji, ga kuma 'yar takardar da mai shagon ya ba shi jiya. Wani abin mai shago na buƙatarsa don ya san abin da zai bayar, wani kuwa surutu ne. Haka burauza take yi, kuma tana yin haka ne bisa ƙa'idar da ake kira HTTP.

Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, shi ya tsara wannan ƙa'ida tsakanin 1989 da 1991 lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba. A zubinta na farko buƙatar layi ɗaya ce tak, kalmar GET da sunan shafi, babu kanu ko ɗaya. Da intanet ta bunƙasa, hotuna suka shigo, harsuna suka yawaita, ciniki ya kankama, sai aka riƙa ƙara layuka, har aka rubuta su a hukumance a zubin 1.0 a 1996, da zubin 1.1 a 1997. Kowane layi wata matsala aka so warwarewa da shi. Ku riƙe wannan, domin za mu ga cewa akasarin ɓarnar da ake yi da kanun buƙata da layukan da aka sa don alheri ake yin ta.

Ga yadda saƙon kan kasance daga wayar Android. An taƙaita layi na uku, an kuma cire wasu layukan:

GET /labarai/wasanni HTTP/1.1
Host: example.com
User-Agent: Mozilla/5.0 (Linux; Android 10; K) ... Chrome/120.0.0.0 Mobile Safari/537.36
Accept-Language: ha-NG,ha;q=0.9,en;q=0.8
Accept-Encoding: gzip, deflate, br
Referer: https://www.google.com/
Cookie: lamba=7f3a91c2

Biyu daga cikinsu ba sa buƙatar dogon bayani. Host sunan shafin da ake nema ne, domin sabar guda na iya ɗaukar ɗaruruwan shafuka. Accept-Encoding kuwa yana faɗin hanyoyin matse bayanai da burauza ta iya warwarewa, don a turo shafin a ƙanƙance. Wannan layin abokin mai sayen data ne. Sauran huɗun su ne abin tsayawa.

Sunan da burauza ke ba kanta

Layin User-Agent yana faɗin wace burauza ce, zubi na nawa, a kan wane tsarin aiki take, waya ce ko kwamfuta. Da shi shafi ke sanin ko ƙaramin allo zai shirya wa ko babba, da shi kuma shafin sauke manhaja ke miƙa wa mai Android abin da ya dace da Android.

Amma ku sake duba layin da ke sama. Chrome ce ta rubuta shi, ga shi kuma ta fara da Mozilla ta ƙare da Safari. Dalilin tsohon labari ne. A 1994 burauzar Netscape ta fito tana kiran kanta Mozilla a wannan layi. Ta iya abubuwan da sauran ba su iya ba, kamar raba shafi gida-gida, sai masu shafuka suka riƙa duba layin: wanda ya ce shi Mozilla ne a ba shi shafi mai kyau, wanda bai ce ba a ba shi na gargajiya. Da Microsoft ya fito da Internet Explorer, bai tsaya jiran masu shafuka su gane shi ba, sai ya sa ita ma ta ce Mozilla ce. Kowace burauza da ta biyo baya ta ari sunan na gabanta ta ƙara nata. Yau kusan dukkansu da Mozilla/5.0 suke farawa, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin cire shi, don kada tsofaffin shafuka su daina aiki.

Abin lura a nan shi ne kanun buƙata iƙirari ne, sabar ba ta da hanyar rantsar da burauza. Idan kuka zaɓi ganin shafi irin na kwamfuta a cikin saitin Chrome ta waya, wannan layin ake canzawa, wayar ta ce ita kwamfuta ce, shafin kuma ya yarda. Manhajojin da ke yawo suna kwasar bayanai daga shafuka su ma sukan sa sunan Chrome don a ɗauka mutum ne.

Duk da haka layin yana tona abin da ya fi sunan manhaja. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa Orbitz, kamfanin sayar da tikitin tafiya da kama otal a Amurka, ya lura masu amfani da kwamfutar Mac sun fi kashe kuɗi a masauki, sai ya riƙa sa musu otal masu tsada a saman jeri. Farashin ɗaki bai canza ba, abin da aka fara nuna wa mutum ne ya canza. Ba a tambayi kowa albashinsa ba, na'urar hannunsa ce ta ba da amsa. Shekaru da yawa Chrome ta Android tana rubuta ainihin samfurin waya a wannan layi, ta yadda shafi zai bambanta mai itel da mai Samsung mai tsada tun kafin ya nuna musu komai.

Tun 2023 Chrome ta daina haka. Kowace wayar Android, kome sabuntarta, sai ta rubuta Android 10 da harafin K a gurbin samfuri, kamar yadda kuka gani a misalin. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Google ya ƙirƙiro wasu sababbin kanu masu farawa da Sec-CH-UA. Uku daga cikinsu suna tafiya ba tare da an nema ba: sunan burauza, ko waya ce, da tsarin aiki. Samfurin waya kuwa sai shafi ya nema, in ya nema kuma a ba shi, ba tare da an tuntuɓi mai wayar ba. Ribar da aka samu ita ce yanzu sai an tambaya, kuma ana iya ganin wanda ya tambaya. Firefox da Safari ba su bi wannan tsari ba.

Harshe

Accept-Language jerin harsunan da aka saita ne a burauza ko a waya, daga wanda aka fi so zuwa na ƙasa. A misalinmu ha Hausa ce, NG Nijeriya, en kuma Ingilishi. Lambobin 0.9 da 0.8 ma'aunin fifiko ne. Mutumin Maraɗi ko Damagaram na iya samun fr a nasa, wato Faransanci, wanda ke zaune a Sudan kuma ar, wato Larabci.

Layi ne mai amfani, shi ke sa shafin da ke da fassarar Hausa ya buɗe da Hausa. Shi ne kuma hanya mafi sauƙi da masu shafuka ke ganin cewa akwai masu son Hausa a cikin baƙinsu, don haka ba zan ce kowa ya cire ta ba. A sani dai cewa harshe yana nuna asali, kuma jeri mai Hausa da Larabci da Faransanci tare ba kowa ke da irinsa ba. Wanda ke zaune a ƙasar da masu irin wannan jeri ba su da yawa ya fi sauƙin warewa daga cikin jama'a.

Daga ina aka fito

Referer yana faɗa wa shafi adireshin shafin da aka baro. Da shi jarida ke sanin ko daga Google masu karatu suke zuwa ko daga Facebook. A zubinsa na asali yana ɗauke da cikakken adireshi, kuma adireshi kan ƙunshi abin da mutum bai zata ba: kalmomin da ya bincika, lambar asusunsa, amsoshin da ya cike a fom.

Misali mafi muni da aka sani ya faru ne a Amurka. A Janairun 2015 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya bayyana cewa shafin inshorar lafiya na gwamnatin ƙasar, Healthcare.gov, yana tsiyayar da bayanan masu nema ga kamfanonin waje. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ta duba ta tabbatar. Shafin yana rubuta amsoshin mutum a cikin adireshi: shekarunsa, kuɗin shigarsa, lambar yankinsa, ko yana shan taba, ko mace na da juna biyu. A cikin shafin kuma akwai kayan kamfanonin talla da na ƙididdiga, ciki har da DoubleClick na Google. Duk lokacin da burauza ta je ɗauko waɗannan kaya, sai ta tafi da adireshin gaba ɗaya. Ba wanda ya yi kutse, ba a fasa komai ba. Burauza ta bi ƙa'ida ne kurum.

An ɗau lokaci kafin a gyara. Daga 2020 a Chrome, daga 2021 kuma a Firefox, idan mutum ya tsallaka daga wani shafi zuwa wani daban, sunan shafin da ya baro kawai ake turawa, ban da sauran adireshin. Shi ya sa a misalinmu google.com kawai aka gani, ba a ga abin da aka bincika ba. Amma sunan shafi shi kaɗai ma magana ne. Idan sunan na asibitin masu wata cuta ne, ko na wata ƙungiyar siyasa, ai an faɗi rabin labari.

Kuki, da baƙin da ba ku gayyata ba

HTTP ba ta da tunawa. Kowace buƙata sabuwa ce a wurin sabar, ko da daƙiƙa ɗaya ce tsakaninta da ta baya. Da haka aka bar abin, da duk shafin da kuka danna a asusun banki sai an sake neman kalmar sirri. Lou Montulli, injiniya a Netscape, shi ya kawo mafita a 1994: sabar ta ba burauza ɗan guntun rubutu ta ajiye, burauza kuma ta riƙa dawo da shi a kowace buƙata. Shi ne kuki. Yawanci lamba ce marar ma'ana a ido, kamar 7f3a91c2, amma a rumbun sabar tana manne da asusunku.

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. Na farko, wanda ya mallaki kukin ya zama ku a idon sabar. Saboda haka wanda ya shiga imel ɗinsa a shagon kafe ko a wayar aro, ya rufe shafin kawai ya tashi bai fita daga asusun ba, ya bar wa na bayansa ƙofa a buɗe. Rufe shafi daban, fita daga asusu daban.

Na biyu ya fi girma, kuma shi ne zuciyar darasin. Shafi guda ba buƙata guda ba ce. Idan kuka buɗe labari a wata jarida, burauza za ta ɗauko rubutun daga sabar jaridar, sannan ta bi umarnin da ke cikin shafin ta ɗauko hoton talla daga wani kamfani, maɓallin rabawa daga wani, bidiyo daga wani, ma'aunin ƙirga baƙi daga wani. Gomman buƙatu ke nan, wani lokaci fiye da ɗari, kuma kowace da kanunta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ya ji irin na'urarku da harshenku da shafin da kuke kai, yana kuma iya ajiye nasa kukin. Gobe kuka buɗe shafin sayar da takalma mai ɗauke da tallan wannan kamfani, kukinsa ya koma masa, Referer ya faɗa masa inda kuke yanzu. Bai san sunanku ba, amma ya san mai lamba kaza ya karanta labarin ciwon suga jiya, yau yana duba takalma, shekaranjiya ya nemi farashin kujerar Umra. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan shi ne sirrin takalmin da kuka duba sau ɗaya yake ta bin ku shafi-shafi.

Firefox ta fara toshe kukin kamfanonin bibiya kai tsaye a 2019, Safari kuma ta toshe kukin baƙi gaba ɗaya a 2020. Google, wanda akasarin kuɗinsa daga talla yake fitowa, ya yi alkawari a 2020 cewa zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya ce ya fasa. Mai Chrome sai ya shiga saiti da kansa ya kashe.

Abin da ake ƙarawa a hanya

Akwai bayani guda da ba ya cikin kanun buƙata amma yana tafiya tare da su dole, shi ne adireshin IP, lambar da za a mayar wa amsa. Daga gare ta ana gane ƙasa da kamfanin sadarwa, a kuma yi hasashen gari. Hasashen kan kauce, musamman a layin waya, inda mutane da yawa ke fita ta lamba ɗaya ta kamfanin. Shi ya sa mutum yana zaune a Kano ko Sakkwato wani shafi zai ce masa yana Legas. Kada wannan ya ruɗe ku: shafin ne bai san ko wane ne ba, kamfanin layin ya sani. Yawancin sabar kan rubuta kowace ziyara a kundinta, da lambar IP da lokaci da shafin da aka nema da Referer da User-Agent, layi ɗaya ga kowace buƙata.

Saƙon kuma ba tashi sama yake yi ba, ta hannun wasu yake bi, kuma idan ba a kulle yake ba suna iya ƙara masa layi. A Janairun 2012 aka gano kamfanin waya na O2 a Birtaniya yana saka lambar wayar abokan cinikinsa a cikin kanun da ke zuwa ga duk shafin da suka buɗe. Kamfanin ya ce kuskure ne na kusan mako biyu, ya kuma bayyana cewa a al'ada abokan hulɗarsa kawai yake ba lambar. Wato dai tsarin yana nan, iyakarsa ce ta ɓalle. Irin wannan tsari, inda kamfanin layi ke miƙa lambar waya ga abokin hulɗarsa, shi ke sa a wasu ƙasashe dannawa ɗaya ta isa a sa mutum cikin wata hidima ana cirar kuɗin katinsa. A Amurka kuwa kamfanin waya na Verizon ya fara liƙa wata lamba ta musamman mai suna X-UIDH a buƙatun abokan cinikinsa tun 2012, ba a sani ba sai 2014. Goge kuki ba ya taɓa ta, tunda ba a wayar take ba, a hanya ake sa ta. An ma samu wani kamfanin talla yana amfani da ita wajen farfaɗo da kukin da mutane suka goge. Hukumar sadarwa ta ƙasar ta ci Verizon tarar dala miliyan 1.35 a 2016.

Abin da ya rage ƙarfin wannan dabara shi ne HTTPS, wato HTTP da aka kulle. Idan adireshi ya fara da https, kanun buƙata duka a rufe suke tafiya: mai Wi-Fi da kamfanin layi ba sa iya karanta su ko ƙara musu, sunan shafin da aka nufa kawai sukan gani. Kafin yaɗuwarta abin ya yi muni ƙwarai. A 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki Firesheep don ya nuna girman matsalar: duk wanda ya sa ta yana iya kwashe kukin mutanen da ke Wi-Fi ɗaya da shi, ya shiga asusunsu na Facebook ko Twitter. Cikin shekaru kaɗan manyan shafuka suka koma HTTPS, kuma tun 2018 Chrome ke sa gargaɗi a shafin da bai koma ba. Sai dai kullen na hanya ne kawai. Shafin da kuka nufa, da duk baƙin da ya gayyato, suna buɗe nasu saƙon su karanta.

Masu Opera Mini, kuma suna da yawa a ƙasashenmu saboda tsadar data, nasu tsarin daban ne. A yanayin tsimi mafi tsanani, kwamfutocin kamfanin Opera ne ke zuwa su ɗauko shafin, su matse shi, su turo wa waya. Ana samun sauƙin data sosai, amma komai ta hannun kamfanin yake bi, kuma yakan ƙara kanun da ke faɗa wa shafin ainihin lambar IP da irin wayar. Karanta labarai da ita ba laifi. Harkar banki gara a yi ta a manhajar bankin.

Zanen yatsa

A ce an toshe kuki duka. Shin an ɓace ke nan? A 2010 Peter Eckersley na EFF ya gwada. Ya buɗe shafi mai suna Panopticlick, wanda ke tattara kanun buƙata tare da wasu bayanai da shafi ke iya tambayar burauza bayan ya buɗe, kamar girman allo, agogon yanki da nau'o'in rubutun da ke kwamfutar. Cikin burauza 470,161 da suka ziyarta, kashi 83.6 cikin ɗari ba su da takwara, haɗin bayanansu nasu ne su kaɗai. Wannan ake kira zanen yatsan burauza. Babu abin da aka ajiye a na'urarku, don haka babu abin gogewa.

Adadin yana buƙatar gyaran murya. Waɗanda suka je gwajin masu sha'awar fasaha ne, masu yawan taɓa saiti. Wani bincike da masana a Faransa suka wallafa a 2018, kan baƙi fiye da miliyan biyu na wani babban shafin ƙasar, ya sami kashi 33.6 ne kawai, a wayoyi ma kashi 18.5. Dalili a fili yake: wayoyi samfuri ɗaya kamarsu ɗaya. Mai riƙe da wayar da dubban mutane ke riƙe da irinta, bai canza mata komai ba, ya fi ɓuya a kan wanda ya cika burauzarsa da ƙarin manhajoji na kariya. A kan wannan tunani aka gina burauzar Tor, wadda ke ƙoƙarin sa duk masu amfani da ita su yi kama da juna.

Roƙo da doka

An taɓa gwada warware matsalar da ladabi. A 2011 Firefox ta ƙara wani layi, DNT: 1, ma'anarsa kada a bibiye ni. Sauran burauza suka bi. Amma ba dokar da ta tilasta wa kowa saurare. Da Microsoft ya kunna shi ga kowa da kowa a Internet Explorer 10 a 2012, masu talla suka ce to ai wannan ba zaɓin mutum ba ne, Yahoo ma ya fito fili ya ce ba zai kula shi ba. Kwamitin da ke tsara ƙa'idar ya watse a 2019. A shekarar ce Apple ya cire shi daga Safari, da hujja mai ban takaici: layin ya zama ƙarin alama a zanen yatsa, tunda ba kowa ke kunna shi ba. Firefox ma ta cire shi a 2025.

Magajinsa, Sec-GPC: 1, ya fito a 2020. A fasaha kusan abu ɗaya ne, layi guda mai lamba ɗaya. Bambancin shi ne dokar jihar Kalifoniya ta ɗauke shi a matsayin umarnin kada a sayar da bayanan mutum. A 2022 kamfanin kayan kwalliya na Sephora ya biya dala miliyan 1.2 a wata sasantawa da jihar, kuma ƙin bin wannan layi na cikin laifukan da aka lissafa masa. Tarayyar Turai ta bi ta wata hanya da dokarta da ta fara aiki a 2018, wadda tana cikin abin da ya jawo allunan neman yarda da kuki da ke tare muku fuska a shafuka. Nijeriya ta yi Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma lissafa alamar shaida ta intanet cikin bayanan mutum. Nijar na da irin tata tun 2017. Doka a takarda dai mataki ne na farko, saura mai kai ƙara da mai hukunci.

Iyakar abin

Kada darasin ya sa ku tsoron abin da babu shi. Kanun buƙata ba su ɗauke da sunanku, ko hotunanku, ko lambobin da ke wayarku, ko saƙonninku. Ainihin wurin da kuke tsaye, da kyamara da makirufo, sai burauza ta nemi izini, kuma kuna da ikon ƙi. Suna yakan shigo ne ta hannunku: ranar da kuka shiga asusu ko kuka cike fom, sai lambar nan marar suna ta sami mai ita, duk tarihin da aka tara a kanta ya koma kanku.

Shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito, yana fara muku da kuki sabo, ya goge shi da tarihin idan kun rufe. Yana ɓoye ku daga wanda zai ɗauki wayar bayanku. User-Agent da harshe da lambar IP kuwa suna tafiya yadda suka saba. VPN, hidimar da ke bi da buƙatunku ta sabar wani kamfani, tana sauya lambar IP, ba ta taɓa kuki ko sauran kanu, kuma abin da kamfanin layi ke gani a da yanzu kamfanin VPN ne ke gani, don haka a yi hattara da na kyauta. Abin da ya fi tasiri ga yawancinmu ba ya cin ko kwabo: kashe kukin baƙi a saiti, sabunta burauza don a amfana da gyare-gyaren da muka ambata, da fita daga asusu a duk na'urar da ba taku ba.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku a gaban kwamfuta. Ku buɗe shafin wata jarida a Chrome ko Firefox, ku danna F12, ku zaɓi Network, sannan ku sake loda shafin. Jeri zai zubo, kowane layi buƙata ce guda. Ku danna na farko, ku nemi inda aka rubuta Request Headers, ku kwafe User-Agent da Accept-Language a littafinku. Sannan ku bi jerin ku ƙirga sunayen shafuka nawa ne ba na jaridar ba, ku zaɓi ɗaya daga cikinsu ku duba abin da aka rubuta masa a Referer. Ku kashe kukin baƙi a saiti, ku sake lodawa, ku ga wane layi ya ɓace daga buƙatar da ke zuwa ga wannan baƙon, waɗanne kuma suka rage. Ku zo da abin da kuka samu a zama na gaba, za mu jera na kowace ƙungiya a allo mu ga ko akwai kwamfuta biyu a ajin da kanunsu suka zo ɗaya.